Guɗar da Na Yi wa Auta

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda yake ganin zuciya tun baki bai buɗe ba. Fasto, Maman Fasto, dattawa da 'yan'uwana mata, ina gaishe ku duka.

Sunana Saratu, amma a Jega an fi sanina da Maman Ishaya. An ce in tashi in ba da tarihin ƙungiyarmu ta iyaye. Zan bayar, amma sai na haɗa da wani abu da na daɗe ina ɓoyewa. In na cire shi, ƙarya zan yi muku a cikin ɗakin Allah.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba aka turo maigidana koyarwa nan Jega. Muka zo da ɗanmu Ishaya, shekararsa biyar, bai taɓa cewa uffan ba. Ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi, ƙara kuwa kamar an soka masa allura a kunne. Wani likita a Sakkwato ya ce galahanga ce, kuma babu maganin da zai rubuta mana. Maƙwabta suka ce iskoki. Wasu a cikin ikkilisiya suka ce in binciki zunubina.

Wata ranar kasuwa muka gifta ta wajen injin niƙa, aka tayar da shi. Ishaya ya zube ƙasa yana ihu, ya toshe kunnuwa. Mutane suka yi mana zobe suna kallo. Sai wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ratso, ta cire mayafinta ta lulluɓe shi, ta zauna kusa da shi har ya lafa. Sannan ta dube ni.

"Ɗiyata, bar kuka," in ji ta. "Nau ma hakanan shike. Shina gida Aliero."

Hassi ke nan. Musulma ce, mijinta ya rasu, autanta Nasiru sa'an Ishaya ne, kowa Auta yake ce masa. Daga ranar duk kasuwa sai ta biyo gidana da shi, mu zauna gindin dogonyaro. Ta gaya wa wata, wata ta gaya wa wata. Kulu ta fara zuwa daga Andarai da 'yarta, wasu daga Maiyama, wasu daga Gehuru, har tabarmina suka kasa. Mu koya wa juna yadda ake sa yaro ya riƙe cokali, yadda ake yi masa aski ba a danne shi ba. Asalin ƙungiyar ke nan, ba wani Bature ya kawo ta ba.

Muna da al'ada ɗaya. In yaro ya yi sabon abu, komai ƙanƙantarsa, sai a yi masa guɗa. Amma guɗa irin ta biki tana firgita yaranmu, don haka muka hana ta. Sai dai kowace ta ɗaga gefen mayafinta ta kaɗa a sama, shiru, ba sauti. Ku riƙe wannan da kyau: ni na kafa dokar nan da bakina.

A shekara ta biyu Auta ya buɗe baki. Ya miƙa hannu wajen randa ya ce, "Ruwa." Muka kaɗa mayafai, ni ma na kaɗa, amma hannuna ya yi nauyi. Wani makon ya ce "albasa". Wani makon "mota".

'Yan'uwa, kishi ya kama ni! Ba zan sa masa wani suna ba. Na ce, Ubangiji, ni ce nake azumi, ni ce nake waƙa a zumuntar mata, ni ce na shimfiɗa tabarmar da ake zama a kai. Yaya za a yi maganar ta tsallake gidana ta tafi Aliero? Har na fara jin haushin ƙuli-ƙulin da Hassi take kawo mini kyauta. In ta ce, "Maman Ishaya, naki ma shina tahe," sai in ji kamar gori take mini. In dubi Ishaya yana can gefe yana jujjuya marfin kwalba, in dubi Auta, in kau da kai.

Rannan muna zaune, Auta ya je ya dafa gwiwar uwarsa, ya ce, "Inna."

Shekara bakwai ina jiran a ce mini Mama. Ga shi an faɗa wa wata a tsakar gidana.

Mata suka ɗaga mayafai. Ni kuwa na tashi, na matsa daf da kunnen yaron, na toshe hanci, na rangaɗa guɗa iya ƙarfina. Ya Allah, ka ji ƙaina! Auta ya sandare, ya faɗi yana buga kansa da ƙasa. Ishaya ya ruga bayan ɗaki. Yaran duk suka rikice. Na dafe ƙirji na ce, "Wayyo, murna ce ta sa na manta!" Kowa ya yarda. Hassi kaɗai ta dube ni sau ɗaya, ta goya ɗanta, ta fita.

Kasuwa ta zagayo, ba Hassi. Ta sake zagayowa, ba Hassi. Kulu ta kawo labari cewa tun ranar Auta bai sake furta komai ba, ko ruwa ba ya cewa. Mata suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Abin kunyar, da na ji yaron ya yi shiru, wani sanyi na ji a raina, wai yanzu mun yi daidai.

Wata Asabar da rana aikina ne sharar wannan ɗakin sujada. Ina shara ina rera waƙa, sai waƙar ta maƙale. Na tuna mayafin da aka lulluɓe ɗana da shi ranar da kowa ya tsaya kallo. Na yar da tsintsiya, na durƙusa can wajen benci na uku. Na ce, "Yesu, ban manta ba. Da gangan na yi. Na ƙwace wa yaro maganarsa don nawa ba shi da ita. Ko Ishaya ba zai taɓa magana ba, ka mayar wa Auta tasa, ka cire mini wannan abu daga zuciya." Na yi kuka har majina.

Washegari bayan sujada na hau motar Aliero. Na tarar da Hassi tana tuyar ƙuli-ƙuli. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta daina juya mai ba.

"Na sani," in ji ta. "Ke kinka kahwa dokar, ƙaƙa za ki mance? Ni dai na yahe maki. Amma ba ni kinka yi ma ba. Ga shi can."

Auta yana gindin rumbu yana jera albasa daga babba zuwa ƙarama. Da ya gan ni ya toshe kunnuwa. Na zauna nesa. Duk mako sai in koma, in zauna shiru, in gangara masa albasa ɗaya. Sai a mako na shida ya ɗauki tawa ya sa a layi.

Hassi ta dawo, mata suka dawo. Auta dai shiru, wata da watanni. Kullum ina roƙo dominsa fiye da yadda nake roƙo domin nawa.

Ana cikin damina, muna gindin dogonyaro, Auta ya nuna randa, murya can ƙasa, ya ce, "Ruwa."

Kafin kowa ya motsa, na ji an ja mayafina. Ishaya ne. Ishaya da ba ya taɓa ni, wanda na ɗauka bai san abin da muke yi ba! Ya kama gefen mayafin, ya ɗaga sama, yana kaɗa wa Auta. Halleluya! Hassi ta fashe da kuka, ta ɗaga nata ta kaɗa wa ɗana, sauran suka bi. Ranar guɗa biyu muka yi, ba wanda ya ji sautin ko ɗaya.

Yau ƙungiyar tana da ɗaki nata, iyaye maza ma suna zuwa. Ishaya har yanzu bai ce Mama ba, kuma ban sani ba ko zai ce. Amma Yesu ya warkar da wadda ta fi ciwo a gidanmu, ni ce.

In akwai wanda albarkar maƙwabcinsa take hana shi cin tuwo, kada ya jira sai ya yi irin tawa. Ya kai wa Yesu yau, ya kira abin da sunansa, zai ɗauke. Na gode wa Ubangiji da ya sa ɗana marar magana ya koya mini yi wa wani murna. Amin.