An bar soja a waje ranar baftismar 'yarsa

Malam mai gabatarwa, salamu alaikum. Sunana Sabi'u, ɗan zem ne ni, wato ɗan acaɓa, a Zongon Lome.

Ranar Lahadi da safe na kai maƙwabcina Kossi cocinsu a unguwar Amoutivé. Soja ne, ya zo hutun kwana uku daga arewacin ƙasar nan don a yi wa jaririyarsa baftisma. A bakin ƙofa wani dattijon coci ya tare shi, ya ce, "Ɗana, hannun da ke riƙe bindiga ba zai riƙe yarinya gaban Allah ba."

Kossi ya ce, "Baba, gobe zan koma, ban san ko zan dawo ba."

Dattijon ya karɓi jaririyar, ya miƙa wa kawunta. Kossi ya tsaya jikin babur ɗina har aka tashi.

Ni Musulmi ne, karatuna kaɗan, amma raina ya ɓaci. Wa ke gadin ƙasa har dattijon nan yake ibadarsa lafiya? Fastoci masu saurare, addininku ne ya hana, ko son zuciyar dattijon ne?

Hajiya Rabi mai koko, da ke wurin, shaida ce. Haka ma mahaifiyar Kossi, wadda ta ƙi shiga, ta tsaya a rana tare da ɗanta.