Atamfar da Ta Ƙi Fitowa a Kwamfutar Alhaji

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai ceto. Ku yabi Ubangiji! Na can baya kusa da taga, ban ji muryarku ba. Ku yabi Ubangiji! Yauwa.

Sunana Ishaya. Waɗanda suka daɗe a ikkilisiyar nan sun san ni tun ina aiki a masaƙa a Kakuri, sashen rini. Ciwon da Ubangiji ya raba ni da shi ba irin wanda likita ke gani a hoto ba ne. Hassada ce. Wanda na yi wa kuwa abokina ne Bitrus, mutumin da ba ni da kamarsa a garin nan, kuma saura ƙiris in rasa shi.

Ni na ɗauko Bitrus daga ƙauyenmu. A tabarmata ya kwana, ni na yi masa hanya aka ɗauke shi a sashen saƙa. Ba cikinmu ɗaya ba, amma Yaya yake ce mini. In an tashi cin abinci, kwano ɗaya muke sa hannu a gindin bishiyar bakin ƙofa. Yau matata Rahila ta dafa fate, gobe matarsa ta dafa.

A sashen rini akwai wata ɗabi'a da sai na gaya muku za ku gane labarina. Ba a koya wa mutum haɗin launi. Ogan da na fara aiki a ƙarƙashinsa, in zai haɗa ja mai duhu sai ya aike ni sayen goro, kafin in dawo ya gama. Da ido na saci aikin. Da na zama babba, haka na yi wa na ƙasa da ni, domin mun ɗauka duk wanda ya iya abin da ka iya, gobe kai za a sallama.

To, aka sallame mu duka! Sojoji sun miƙa mulki, muna ta murna za a ga sauyi, ba a yi shekaru da yawa ba injuna suka yi shiru. Wanda ya iya haɗa launi da wanda bai iya ba, rana ɗaya muka fito da kwanukanmu.

Muna cikin zaman banza sai Malam Luka, wani ɗan ikkilisiyar nan, ya gama karatun kwamfuta ya dawo, ya jera tsofaffin kwamfutoci a ɗakin bayan majami'ar nan, ya ce duk mai so ya zo ya koyi gina shafin intanet. Ni na je na ja Bitrus.

Ya ce, "Yaya, ni da ko tafireta ban taɓa dannawa ba?"

Na ce, "Kai dai taho. In ya gagare ka ina nan."

Ku ji fa, ina nan!

Aikin shi ne ka rubuta wa kwamfuta umarni layi bayan layi. Nan kanun magana, nan rubutu, nan hoto. Duk abin da ka buɗe sai ka rufe shi, in ka manta ɗaya shafin gaba ɗaya ya karkace. Kodin suke ce masa. Ni da yatsa ɗaya nake farautar haruffa kamar kaza tana tsintar tsaba. Bitrus kuwa, yatsun da suka saba ɗaure zare sai suka kama abin nan kamar a ciki aka haife shi.

Sai ka ji Malam Luka ya ce, "Ku taso ku ga na Bitrus."

Mu taso, mu kewaye shi, a tafa. Ni ma in tafa. Amma Allah ya san tafin nan iyakarsa tafin hannu. A ƙirjina kamar an zuba tafasasshen ruwa. Wannan fa ni na nuna masa yadda ake tsallaka titi a Kaduna!

'Yan'uwa, hassada tana da ido. Na fara ganin abubuwan da ban taɓa gani a jikin Bitrus ba. Dariyarsa ta yi ƙarfi da yawa. Gaisuwarsa ta gajarce. Ko zamansa a kujera sai na ga da gadara yake yi. In na koma gida in ce wa Rahila, "Yaron nan kansa ya fara kumbura."

Ta ce, "Wane yaro? Mai furfura a gemu?"

Malam Luka yana da wata ƙa'ida. Kowace Juma'a kowa zai kwafe aikinsa a disket, ɗan faifan robar nan mai kusurwa huɗu da ake ajiye aiki a ciki a lokacin, ya miƙa wa na kusa da shi ya buɗe a tasa kwamfutar. Yakan ce shafi bai zama shafi ba sai ya buɗe a kwamfutar wani. Ni kuwa da na ji haka na ce a raina, ba da ni ba. Ni da na san rini? In miƙa wa Bitrus aikina ya ƙara da nasa? Na zaɓi kwamfutar lungu, na karkata fuskarta ta kalli bango. Juma'a na yi, ko dai ina da baƙo, ko cikina ya murɗa.

Bitrus ya zo ya ce, "Yaya, kawo naka in buɗe maka a tawa."

Na ce, "Ka ji da naka."

Ana nan sai wani Alhaji mai shagon atamfa a Makera ya gaya wa Malam Luka yana son shafi, domin masu saro kaya daga nesa su ga samfuri ba sai sun zo ba. Wanda ya yi masa, shi zai riƙa kula da shafin duk sanda sabon kaya ya sauka. Malam ya zaɓe mu mu biyu, ni da Bitrus, kowa ya yi nasa Alhaji ya duba.

Da na ji an ce atamfa, na ce Ubangiji ya tuna da ni. Wannan kam gonata ce. Aka ba mu hotunan zannuwa, na zauna a lunguna ina jera su. Na san wace shuɗiya ce ke zama kusa da ruwan goro ba faɗa, na san wace ja ce ke son duhu a bayanta. In na buɗe shafin nan ni kaɗai, sai in ji kamar na koma bakin tukunyar rini. Amma gaskiya, ba Alhaji nake gani ba sa'ad da nake aikin. Fuskar Bitrus nake gani, yadda za ta zama ranar da aka ce, ku taso ku ga na Ishaya.

Ranar ta zo. Na sa disket a aljihun gaban riga, muka hau bas mu uku har shagon Alhaji. Kwamfutarsa na kan tebur a tsakanin turamen atamfa, mutanen shago suka matso.

Aka fara da na Bitrus. Kai! Rubutu kore a kan rawaya, sai ka runtse ido. Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Amma kowane zane ya fito, ɗaya bayan ɗaya, da sunansa a ƙasa.

Aka sa nawa. Kanun magana ya fito, sunan shago ya fito. Inda hotuna za su zauna kuwa, fararen akwatuna ne a jere daga sama har ƙasa, kowanne da ɗan jan tambari a kusurwa. Ko zane ɗaya babu.

Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Malam Ishaya, ina atamfar?"

Na danna nan, na danna can. Gumi ya karyo mini.

Ya ce, "Ni fa ba likkafani nake sayarwa ba."

Shago ya ɗauki dariya. Bitrus bai yi dariya ba. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yaya, bari in duba, ƙila ƙaramin abu ne." Na fizge disket ɗina na mayar aljihu. Har zuciyata ta raya mini ko shi ya yi wa kwamfutar wani abu kafin a sa nawa. Alhaji ya ba Bitrus aikin.

Daga ranar na daina zuwa aji. Na canza wurin zama a sujada domin kada mu haɗa ido. In na hango shi ya sauko daga acaba da jakar aiki a kafaɗa, sai in bi ta wani lungu. In aka ce Alhaji ya yaba masa, ranar ba ni da cin abinci. Ciki ya riƙa ci na kamar an kunna garwashi. Na je asibiti, suka auna, suka ce ba su ga kome ba.

Matar Bitrus ta aiko da fate, irin na acca da yakuwa, wanda ta san ina so. Na ce a mayar.

Rahila ta ce, "Baban Godiya, ni ba zan mayar ba. In ka isa ka kai da ƙafarka. Kuma bari in gaya maka, ba cikinka ne ke ciwo ba."

Bitrus ya yi ta zuwa gida, ina cewa a ce ba na nan, alhali takalmana na bakin ƙofa. Daga baya ya daina zuwa. Kwanon ma ya daina zuwa. Sai na ji daga bakin dattijonmu, Baba Yohanna, cewa Bitrus ya nemi izini zai koma wata ikkilisiya a unguwar Nasarawa, wai tunda ganinsa ke hana ni sakewa a gidan Allah, gara shi ya matsa. Kun san abin da na ji a raina? Daɗi na ji! Yesu ka yi mini jinƙai.

Asabar ɗin da ta biyo baya akwai taron zumuntar maza da safe. Na je ne kawai don kada a ce ban je ba. Da za a rufe, Baba Yohanna ya ce a yi da'ira, kowa ya kama hannun na kusa da shi, ya roƙa masa albarka a kan aikin hannunsa, da sunansa, da murya. Na riga na duba, Bitrus ba ya nan. Ashe ya makara ne. Muna rufe ido sai na ji wani ya kutsa tsakanina da na dama, ya kama hannuna. Na san hannun. Shekara nawa muna haɗuwa da shi a kwano ɗaya?

Ya fara. Ya ce, "Ubangiji, ban san laifin da na yi wa Yayana ba. In na yi, ka nuna mini. Ka sa wa aikinsa albarka. Ka dawo mini da shi."

Sai layi ya zo kaina. Wasu sun gama sun ce amin, ni ina tsaye ban fara ba. Na so in ce Ubangiji ka ƙara wa Bitrus. Sai na ga ƙarya zan yi wa Allah a gaban mutane.

Na ce, "Ubangiji, ba na so ka ƙara masa. Kai ka san ba na so. Ina jin zafin duk abin da ka ba shi. Ka sa in so, ni na kasa."

Kuka ya ƙwace mini, ni babban mutum, a gaban maza. Bitrus bai saki hannuna ba, ƙara matse shi ya yi. A nan tsaye na ji garwashin nan na cikina ya mutu. Halleluya! Ku taya ni cewa halleluya!

Da aka tashi na sa hannu a aljihu. Disket ɗin nan tun daga shagon Alhaji nake yawo da shi, duk rigar da na canza sai na mayar da shi ciki. Na miƙa masa, na ce, "Buɗe mini a taka."

Muka zagaya ɗakin baya, aka tayar da janareta. Ya sa a tasa kwamfutar, fararen akwatuna suka sake fitowa. Ya duba layukan kaɗan ya ce, "Yaya, hotunan ba sa cikin disket ɗin. Rubutun kawai ka kwafo. Ka gaya wa shafin ya je ya ɗauko hotuna a cikin kwamfutar lungu, to in ba a kanta aka buɗe ba, ina zai same su? Ni ma na yi wannan. Juma'ar farko wanda na ba nawa ya gano mini."

Juma'ar farko! Ranar ina gida ina da baƙo.

Ya ce mu je lungun mu gani. Ni da hannuna na juyo fuskar kwamfutar nan daga bango. Na buɗe shafin, atamfofi suka cika ta, shuɗiya kusa da ruwan goro, ja a kan duhu. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ganin aikin nan. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya ce, "Yaya, da Alhaji ya ga wannan, da ba ni ya ba aikin ba."

'Yan'uwa, aikin nan bai dawo gare ni ba, kuma ban roƙa ba. Na koma aji na fara daga inda na tsaya, duk Juma'a ni ne na farko wajen miƙa disket. Yau ina samun nawa aikin, ina ci da iyalina. Bitrus har yanzu ya fi ni sauri, launinsa kuwa har yanzu sai na gyara masa. Ba zan ɓoye muku ba, watan jiya da ya buɗe shagonsa a Kakuri, na ji abin nan ya ɗan motsa a ƙirjina. Na koma gefe na maimaita addu'ar nan tawa, Ubangiji ya sake amsawa.

In akwai wanda ke zaune a nan yana tafa wa ɗan'uwansa da hannu, ciki na ƙuna, kada ka yi wa Allah kwaskwarima. Gaya masa yadda abin yake. Ya ji tawa addu'ar da ba ta da kyan ji, zai ji taka. Ka dogara gare shi.

Bitrus bai koma Nasarawa ba. Ga shi can a benci na baya yana sunkuyar da kai. Tashi mana su gan ka! Ranar Asabar ɗin nan da muka fito daga ɗakin baya, kai tsaye gidansa ya ja ni. Matarsa ta fito da kwano biyu na fate. Ya ce ta mayar da ɗaya.

Na ci har na suɗe hannu. Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu. Amin.