Motar da Vernon Ya Bari

A wani shagon kayan gyaran mota a birnin Flint, wata mata sanye da baƙaƙen kaya ta ajiye fasasshen tiyo a kan tebur. Dattijon da ke bayanta a layi ya leƙo.

"Baiwar Allah, wannan ai na tsohuwar mota ne. Zafi take yi?"

"Ƙirar sittin da tara ce. In ka buɗe bonet sai ka ce murhu."

"A guje take zafin, ko in ana tafiya a hankali?"

"A hankali."

"To, ba tiyo kaɗai ba ne. Iska ce ba ta isa lagireto. Ki gaya wa maigidan ya duba fanka."

"Maigidan, Vernon, yana maƙabarta. Shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motar nan, ni ina ta ɗumama masa abinci. Ya bar wasiyya a raka gawarsa da ita. Na tuƙa ta a bayan motar gawa, ta tafasa ta mutu a kan gada. Kafin in isa, har an rufe shi."

"Allah sarki. Amma ba laifinta ba ne, irinsu ba a yi su don jan ƙafa ba. Tawa ma..."

"Au, kai ma kana da ita? Matarka tana shiga?"

"Loretta ba ta son zafi."

"Ita ta faɗa maka?"

Dattijon ya dubi tiyon da ke kan tebur.

"Ta koma gidan ƙanwarta tun bara," ya ce. "Amma fankar ce. Ki tabbata an duba ta."