Wuƙar Damtsen Kawu ta Hana Su Jirgi

Salamu alaikum ustaz mai shiri. Ina gaida ƙawayena na Alhilla Kuku, masu tsokanata wai kawuna zai hau jirgin sama. To ku ji yadda ta kaya!

Kawu Adamu tsohon manomin Jazira ne, wuƙarsa kullum ɗaure a damtse ƙarƙashin jallabiya, har barci da ita yake. Shi zai kai habboba, kakata, asibiti a Bur Sudan. A filin jirgi ina hangensu wurin taftish, wato binciken matafiya, sai na'ura ta yi kuka. Kawu ya tuna, ya zaro wuƙar zai miƙa wa masu bincike. Ya jama'a! Nan take masu gadi suka danne shi, suka murɗe masa hannu, haƙorinsa ya fita, jini ya wanke farar jallabiya. Habboba tana ihu, "Ku sake shi, albasa yake yankawa da ita!" Ɗayansu ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri hajiya, a sama ba a yankan albasa."

Jirgi ya tashi ya bar su. Na yi kuka, amma wallahi da baƙo ne ya zaro wuƙa gaban habboba, haka zan so a yi masa.

Yanzu kawu ya rantse sai dai bas, ita kuwa jikinta ba zai ɗauki hanya ba. Masu sauraro, yaya zan lallashe shi?

Taku, Hauwa daga Mayo.