Lauyan da Ke Cewa "Mai Lodi"

A layin asibitin ido, wani direban tirela da magana ta cika wa ciki ya juya ga dattijuwar da ke gefensa.

"Hajiya, gobe zan sallami lauyana."

"Shari'ar ya faɗi?"

"A'a, ya ma kusa ƙwato min motata. Turancinsa ne abin kunya. Lauyan abokin shari'ata ta hanci yake magana, kamar rediyo. Nawa kuwa in zai girmama alƙali, maimakon 'Mai Lod' irin na Turawa, sai ki ji 'Mai Lodi!' Shekarata talatin a tasha, ai na san mai lodi."

"Alƙalin ya ce bai gane ba?"

"Bai ce ba. Amma wa zai saurari bakin ƙauye? Irinsu ba sa nisa a aikin nan."

Sai nas ta leƙo. "Mai shari'a, likita na jiran ki."

Dattijuwar ta miƙe, ta ɗauki jakarta.

"Malam, shekara goma sha biyar na yi ina cewa Mai Lodi, ana yi min dariya. Yanzu masu maganar hancin ni suke kira haka, kuma a tsaye. Riƙe lauyanka."