Gordon Ya Sayar da Gidan Haya

A wata tashar bas a Leeds, Gordon ya kashe waya yana huci. Ba kowa kusa sai wata dattijuwa, sai ya juye mata.

"Ɓarayi kawai! Gidan da na tara iyalina a ciki na sayar, wai sai na biya haraji a kan ribar!"

"Ai masu haraji ba sa taɓa gidan da mutum yake zaune a ciki," in ji ta.

"Na tashi, na zuba 'yan haya, shi ne laifina! Shekarun hayar suke bi. Ina ƙara jinkiri, rabonsu yana ƙaruwa."

"Shi ya sa ka yi sauri."

"Dole! Wata biyu na ba 'yan hayar su kwashe. Har da su kuka, sai ka ce gidan ubansu!"

Sai a lokacin ya lura da tulin kwalayen da ta rungume, ba komai a cikinsu.

"Baiwar Allah, waɗannan fa?"

"Kayana zan zuba a ciki. Mai gidan da muke haya ma sauri yake yi. Matsa min, ka tare hanya!"