Na Ga Ɓarawo Ya Buɗe Mota, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, tare da dukkan masu sauraro.

Da laifina zan fara. Bayan azumin bana na yi wa Allah alwashin kame bakina daga abin da bai shafe ni ba.

Ranar Litinin ina tsaye a bakin wani asibiti a Malumfashi, sai na ga wani mutum cikin farar shadda ya zura siririn ƙarfe ta gefen gilashin wata mota. Ƙofa ta buɗe, ya ɗauki jaka, ya ce mini, "Sannu, Hajiya." Zuciyata ta raya mini ba motarsa ba ce, amma na amsa gaisuwar na sunkuyar da kai.

Bayan ya tafi da jakar, can sai ga mai motar, wani dattijo daga Kafur, yana salati. Ya ce, "Baiwar Allah, maganin mahaifiyata ne a jakar nan!"

Malam, yaya ƙarfe ke buɗe mota gilashi bai fashe ba? Malamai kuma su gaya mini, shin wannan lamari bai shafe ni ba?

Alwashina dai na cika shi. Dattijon kuwa ya tafi gida babu magani.